Alhajin Shafi na Tara

Na ƙirƙiri wani Alhaji a littafina, mai raina maƙera da wanzamai, ba ya buɗe baki sai ya zagi asalin wani. Da yake da kuɗina zan buga, kamar yadda marubutan Kano suka saba, babu editan da zan laɓe bayansa. Sunana ne ɓaro-ɓaro a bango.

Fargabata kada a ce bakina Alhajin ya ara. A 2007 ma an ƙona littattafai a Kano bisa zargin ɓata tarbiyya.

Na ba Gwaggo ta duba. Tana kaiwa shafi na tara ta sauke tabarau.

"Kai, ɗan nan! Duk garin nan ka rasa wanda za ka tona wa asiri sai maigidana? Har tarinsa ka saka!"