Shaho Ne Marinin

Na san halinku, 'yan majalisar mai shayi na Dutsin-Ma. Tun ban rufe baki ba kun fara: "Kai Malam, boko ya taɓa ka! Yau kuma ƙasa ce ke rina dabba?" To ku gyara zama. Mutanen Kurfi, ku daina ƙyaƙyatawa, har da ku nake.

Ban ce kurege na sauya riga kamar hawainiya ba. Da wadda aka haife shi zai mutu. Amma ku dubi gadon bayansa, ku dubi turɓayar gonar gyaɗa, ku nuna mini bambancin. Ku hau irin duwatsun nan namu ku nemo rema: yana gabanku kwance yana shan hantsi, kuna rantsuwa babu komai sai dutse. Ɗan da launinsa ya tona masa asiri, shaho ya yi kalaci da shi tun bai isa aure ba. Wanda ya saje da wuri ya hayayyafa, jikoki suka gaji rigarsa. Marinin ke nan, kuma da nama ake biyansa ladan rini.

"Ina hujja?" in ji Alhaji daga ƙarshen benci. A hamadar Arizona ta Amurka akwai wani ɗan ɓera. A kan duwatsu masu haske launin yashi gare shi, a kan baƙin dutsen da aman wuta ya bari a Pinacate kuwa baƙi ne wuluk. Iri ɗaya, maƙwabtan juna. Can mujiya ce ke tsince wanda rigarsa ba ta dace ba. A 2003 Michael Nachman da abokan aikinsa suka gano ƙwayar gadon da ke baƙanta su, Mc1r.

"Ai ikon Allah ne." Wa ya musa? Ruwan Zobe ma ikon Allah ne, amma sai da aka gina madatsa ya tsaya.

Ku kanku ma shaho ne, sai dai na baibai. Gab da layya kowa farin balami yake tayawa, makiyayi kuma ba wawa ba ne: farin zai bari ya yi barbara. Jar akuyar Maraɗi da Sakkwato ba don ɓuya take ja ba, masu kiwo da majema ne suka riƙe ta saboda fatarta.

Alhaji, baƙin ragon nan da ka yi wa kallon banza bara, ina ka ga 'ya'yansa? Biya kuɗin shayin, sannan ka ba ni amsa.