Saura Batir Kawai

Daga Madawa zuwa Buza, daga Buza zuwa Keita, da wuya ka ratsa gari mai kasuwa ba ka ga tsohuwar mota a ƙofar gida ko a bayan zaure ba, an ɗora ta kan duwatsu huɗu, tayoyinta sun tafi aro ba su dawo ba, ƙura ta rufe gilashinta har yara suna koyon rubutu a kai. Dutse bai taɓa yin ƙaranci a Adar ba, shi ya sa ba wanda ke wahalar sayen jak. Galibi Fijo ce, ko 404 mai buɗaɗɗen baya da ake ce wa bashe, ko 504, wani lokaci kuma Land Rover ko tsohuwar Toyota. Ka tambayi mai ita, amsar ɗaya ce daga Karofan har Tamaske: ai gyara ake yi, saura batir kawai. Mutane sun ɗauka talauci ne ya zaunar da waɗannan motoci, ko rashin kayan gyara. Ni ban yarda ba. Motar da ke zaune tana da masu cin moriyar zamanta, sun kuma fi masu son ta tashi yawa, mai ita kansa kuwa shi ne jagoransu.

Shi mai motar yawanci ɗan bida ne, ya sha ranar Abijan ko ta Libiya ko ta Legas, ya tara abin da ya tara, ya shigo gari da mota yana danna ham tun daga bakin ƙorama. Daga ranar sunansa ya sauya, ya zama Alhaji mai mota, ko da bai je Makka ba tukuna. To ga lissafin da ba ya faɗa wa kowa. Mota mai tafiya tana shan mai, tana son asiransi, tana son takardu, tana tsayawa gaban jandarma, kuma gargadar hanya tana kwance mata ƙusa kullum. Mota mai zama ba ta cin ko dala, amma sunan mai mota yana nan daram, ana kiransa da shi a wurin suna da wurin ɗaurin aure. Akwai kuma abin da ya fi wannan: muddin ba a saka batir an murɗa makulli ba, ba wanda zai iya rantsuwa cewa motar ta mutu. Ranar da aka gwada ta ƙi tashi, ranar ce dukiya za ta koma tarkace. Shi ya sa za ka ga yana wanke ta ranar Juma'a, yana korar awaki daga kanta, yana ba baƙo labarin yadda ta hau tudun Buza da buhu ashirin ba ta yi tari ba, amma ka kawo masa batir kyauta ka ga yadda zai tuna cewa akwai wata 'yar matsala a karbirato.

Ƙanensa ko ɗansa shi ne mai kwancewa, kuma shi kaɗai ne a gidan ke son motar ta tashi da zuciya ɗaya, shi ya sa ɓarnarsa ta fi ta kowa. Ya kalli wani Bature a YouTube yana kwance inji cikin minti goma sha biyu, a ɗaki mai siminti da fitilu, kowace ƙusa da mazubinta. Shi ma sai ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya kwance karbirato da delko da famfon ruwa, ya zuba ƙusoshi a gwangwanin tumatir. Kafin ya kai ga mayarwa ruwan fari ya sauka, kowa ya tafi shuka, gwangwanin ya faɗa hannun yara. Bayan girbi zai dawo ya haɗa abin da ya rage, in ƙusa uku suka yi saura sai ya ce Faransawa ne suka yi almubazzaranci da ƙarfe. A watannin da injin ya yi a buɗe kuwa zama ya gama aikinsa: man da ke tanki ya tsufa ya yi danƙo ya toshe ƙananan hudojin karbirato, robobin birki sun bushe, ɓera ya ci wayoyi, laima ta shiga ta sa zoben fistan ya kama jikin silinda. Motar da a bara batir ɗin ne da gaske ya rage mata, bana tana bukatar a sauke inji. Mai motar zai yi faɗa, amma faɗan bai kai zuci ba, domin yanzu ya sami wanda zai ɗora wa laifi.

Sai makaniki mai zuwa gida. Kada a raina shi, domin mutum ne da zai kara kunne a jikin inji ya gaya maka silinda ta nawa ke fashin wuta, ya yanka gaskit daga kwali, ya daidaita filatin da takardar sigari. Matsalarsa ita ce ya san cewa motar da ta tashi ta bar hannunsa, wadda ke kan dutse kuwa tasa ce har abada. Zai zo da sassafe, ya ɗaga murfi, ya girgiza kai, ya ce: «Alhaji, wa ya taɓa maka wannan inji?» Wannan tambaya ita ce rabin sana'ar. Sai ya karɓi kuɗin kaya, ya ce sai an je Ƙwanni, in ba a samu ba sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano. Bayan wata biyu kayan su zo, a tarar na 504 ne ba na 404 ba. Abu na farko da yake cirewa ya jefar shi ne 'yar na'urar da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, wai ta ƙasar sanyi ce, sannan ya cika lagireto da ruwan rijiya mai barin farin gishiri a bututu. Idan bayan shekara inji ya soma zafi, ai ga wani aikin ya samu.

Duk wannan ana yin sa ne a gaban majalisa, domin mota a ƙofar gida inuwa ce, inuwa kuwa a watan Afrilu a ƙasar Buza ba abin wasa ba ce. Babban mai magana shi ne tsohon direba, wanda ya fara da karen mota, kuma tarihin Fijo a bakinsa yake. Abin mamaki, yawancin abin da yake faɗa gaskiya ne. An fara ƙera 404 a 1960, 504 ta biyo baya a 1968, ta ci lambar motar shekara ta Turai a 1969, ta kuma lashe tseren Safari na Kenya a 1975, shekarar da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna. Faransa ta daina yin 504 ta fasinja tun 1983, Kaduna kuwa ta ci gaba da fitar da ita har bayan shekarar 2000, abin da ya sa kayanta suka cika kasuwannin Arewa suka malalo Nijar. Inda tsohon direba ke kauce hanya shi ne hukuncin da yake yankewa: in motar haɗin Faransa ce, to kayan yanzu ba su dace da ita ba, a jira na asali, in haɗin Kaduna ce, ba ta cancanci wahala ba. Ko ta ina dai kada a taɓa ta. Kusa da shi akwai mai cewa a jefar da injin a saka na Toyota, bai taɓa riƙe sifana ba. Can gefe akwai mai cewa matsalar ba ta ƙarfe ba ce, baki ne ya kama ta tun ranar da ta shigo gari, a nemi malam. Ba wanda cikinsu ke kawo ko ganyen shayi, kuma ranar da motar ta bar wurin, majalisar ta watse.

Wanda ya fi kowa cin riba shi ne maƙwabci mai mota irinta, tasa tana aiki, tana kai mutane da awaki kasuwannin ƙauye. Shi ba ya zuwa majalisa, da asuba yake zuwa. «Alhaji, an tashi lafiya? Don Allah a ara mini delko, in je Ibohaman in dawo, kafin la'asar yana hannunka.» Ba a hana maƙwabci aro, balle abin da kowa ya ga ba a amfani da shi. Da haka delko ya tafi, fitilar hagu ta bi shi, sai madubi, sai tayar safiya, sai sauran tayoyin. A nan ya kamata mai lura ya dakata, domin wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a tattalin arzikin karkara: kowace bashe da kake gani tana hawa da gangara tsakanin Babban Katami da Madawa, akwai biyu ko uku da ke zaune suna ciyar da ita. Da za a tayar da su duka rana ɗaya, da mako bai cika ba dukansu sun tsaya.

Uwargida a fili ita ce babbar mai adawa. Ita ke riƙe da lissafin gaskiya, ta san buhun albasa nawa motar ta haɗiye, ta san ragon da aka sayar aka ce na gyaran giya ne. Amma ka leƙa cikin motar. Kujerar baya tana ɗakinta tun shekarar da aka yi wa babbar 'yarta aure, bayan motar ya zama rumbun kuɓewa busasshiya, kaza tana kwanci ƙarƙashin sitiyari inda shaho bai isa ba. Fiye da wannan, motar hujja ce da ba ta tsufa. Duk ranar da ta nemi kuɗin atamfa aka ce babu, ba sai ta ɗaga murya ba: «Malam, ai na sani, mai ƙafa huɗu ta riga ni.» Mace mai wayo ba ta bari a sayar da irin wannan makami.

Za a ce wannan duk raha ce, gaskiyar ita ce kuɗi. Akwai ƙamshin gaskiya. A Janairun 1994 an rage darajar sefa da rabi, farashin duk abin da ke zuwa daga waje ya tashi, motoci da yawa kuma tun lokacin suke kan dutse. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 an rufe iyakoki, hanyar Kwatano da motoci da kayan gyara ke bi ta toshe, kaya suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso, a shekarar ne kuma Najeriya ta cire tallafin fetur, man kwalba na bakin hanya ya yi tsada. Ba wanda zai musa wannan. Amma tsadar nan ta sami maƙwabci mai aro ita ma, tasa motar ba ta tsaya ba. Kuma in ka haɗa abin da mai mota ya ba makaniki jika biyar yau, jika goma gobe, shekara bakwai, za ka ga ya isa a sauke injin a gyara shi sau ɗaya a gareji a Tawa. Kuɗin ya fita, sai dai ya fita ta hanyar da ba za ta taɓa kai ga murɗa makulli ba, kuma ba kuskure ne ya zaɓi hanyar ba.

Wani kuma zai ce ai Turawa da Amurkawa ma suna ajiye tsohuwar mota a gida shekara da shekaru suna lallaɓa ta, ba wanda ya zarge su. Haka ne, suna ma zuwa Afirka neman irin waɗannan Fijo. Sai dai shi wancan yana da wata motar da yake zuwa aiki da ita, yana rufe ƙofar garejinsa, maƙwabcinsa ba ya aron delko, kuma in ya gama ba abin da zai same shi sai tafi. Namu in ya gama, abin da zai same shi daban ne, kuma a nan ne maganar take.

Domin akwai wanda ke gamawa. Ba shi da yawan magana, yakan ja motar cikin gida ya rufe ƙyaure, ya sayi kaya gaba ɗaya bayan ya sayar da albasa, ya zauna kan makaniki har sai ta tashi. Daren farko da ta tashi za a buga masa ƙofa: mai naƙuda ce, a kai ta Buza, in abin ya gagara a wuce Madawa ko asibitin Galmi. Ba mai imani da zai ƙi, ba kuma mai kunya da zai nemi kuɗin mai a irin wannan hali. Washegari amarya ce za a kai Garhanga, jibi ta'aziyya ce a Bangi, gata dagaci na da taro a Tawa, kowa kuma yana biya da Allah ya saka da alheri. Tun zamanin aikin raya Keita da Italiya ta ɗauki nauyinsa a 1984 mutanen yankin suka saba ganin motar furoje tana ɗaukar jama'a ba a tambaye su ko dala ba, to ga furoje ya tare a unguwarsu. Cikin damina ɗaya ƙoramu da duwatsu sun karya masa sifirin, dangin da ya hana rana ɗaya sun fi waɗanda ya ɗauka sau goma yawan magana, tsohon direba kuma yana gaya wa majalisa cewa shi dama ya ce kada a taɓa ta. Alhaji mai mota yana kallon wannan duka daga inuwar tasa. Idan ɗan gwangwan ya biyo da sikelinsa ya taya ta a kan kilo, sai ya kore shi da faɗa, ya ce motarsa ba ta sayarwa ba ce. Ɗan gwangwan kuwa ba ya fushi, yakan tsaya ya gaisa da babban ɗan gidan, ya karɓi lambar wayarsa.