Ladubban Sauya Furosesa ga Mai Kuɗi da Ƙarfin Hali

Furosesa, wato 'yar na'urar nan mai kusurwa huɗu da ke gudanar da dukkan lissafin kwamfutar tebur, ita ake fara ɗora wa laifi duk sa'ad da aiki ya yi nauyi, ko da kuwa mai laifin na gaskiya tsohon faifan ajiya ne mai juyawa, ko ƙarancin RAM, ko ƙurar da ta toshe fanka. Mai son girma ba ya binciken waɗannan, domin faifan SSD, mai maye gurbin tsohon faifan, yana da araha kuma yakan warware matsalar salin-alin, abin da ba ya ba mutum labarin da zai bayar a majalisa.

Bayan an yanke hukunci, sai a garzaya kasuwa a sayi mafi tsada ba tare da an duba soket ba, wato gurbin da furosesa ke zama a kan babban allon kwamfutar. Da wannan ne mai saye zai gano da aljihunsa cewa furosesar AMD ba ta shiga gurbin Intel, kuma ko a gida ɗaya ba a rasa rikici, domin soket ɗin LGA1151 ya karɓi zubi na 6 da na 7 na Intel, sannan aka fito da zubi na 8 da na 9 a gurbi mai suna iri ɗaya, amma sababbin ba sa aiki a tsohon allo. Wanda ya ƙyalla ido ga soket ɗin AM5, da AMD ta fitar a 2022, zai tarar cewa sai da RAM nau'in DDR5, don haka sayen furosesa ɗaya ya haifi sayen allo da RAM, kusan sabuwar kwamfuta a cikin tsohon akwati.

Akwai kuma BIOS, ƙaramar manhajar da ke tayar da allo kafin komai ya motsa, wadda sau da yawa sai an sabunta ta kafin ta gane sabuwar furosesa. Ƙa'ida ita ce a yi haka tun tsohuwar furosesar tana ciki, amma al'ada ta gudana a kan a tuna bayan an cire ta an sayar. Wanda ya fara sabuntawa yana dogaro da wutar NEPA kuwa ya cancanci yabo, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin na iya kashe allon murus.

Aikin sauya furosesar kansa gajere ne: a zare filogi, a taɓa ƙarfen akwatin don sauke lantarkin jiki (wanda yakan taru a bushewar hunturu), a daidaita alamar kusurwa uku ta furosesa da ta soket, a ajiye ta ba tare da dannawa ba. Furosesar AMD ta soket ɗin AM4 tana da allurai 1331 a cikinta, kowace a shirye take ta lanƙwashe, kuma takan biyo fanka waje idan aka fizge ta ba a ɗan murza ba. Man da ake ɗigawa tsakanin furosesa da ƙarfen fanka don zafi ya wuce, gwargwadon ƙwayar wake ya isa, ko da yake masu karamci sukan lafta shi har ya zubo.

A ƙarshe a manta da siririyar ledar da ke manne a ƙarƙashin sabuwar fanka. Zafi zai doshi digiri 100, furosesa ta rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, mai ita kuma ya koma shago da rasit a hannu yana rantsuwa cewa jabu aka sayar masa.