Bakano, Turanci ma bai rufa wa tumbinka asiri ba

Malam Bakano, labari ya iso mu nan Zariya cewa yanzu in an ce ka yi ƙiba sai ka tsuke fuska, ka shafa ciki, ka ce kai “portly” ne. Wai wani ɗan boko ne ya ba ka kalmar a Kantin Kwari, ka karɓa ko tayi ba ka yi ba. Bakano ya karɓi kaya ba ciniki! To tunda ilimi a garinmu yake kwana, matso in kwance maka dilar ka ga abin da ka saya.

Kalmar tana da asali mai kyau, ba zan ci haƙƙinta ba. Daga “port” ta fito, wato yadda mutum ke ɗaukar jikinsa in yana tafiya. A ƙarni na 16 mutanen Ingila mai kwarjini suke faɗa wa ita. Da aka lura manyan nan kowa da tumbinsa yake tafe, sai ma'anar ta zame daga kafaɗa ta sauko ciki. A nan ka tarar da ita, kwarjinin ya riga ya yi gaba. “Stout” ma haka ta lalace: jarumi ce a tsohon Faransanci, yau ta koma mai kauri, har wata baƙar giya suke kira da ita. Wannan ba zan liƙa maka ba, albarkacin Hajjin da ka yi.

“Round” kuwa ta bi Faransanci ta shiga Ingila, bayan Normawa sun ci ƙasar a 1066. Uwarta “rotundus” ta Latin, kakarta “rota”, ƙafar amalanke. Daga baya masana suka koma Latin suka ɗauko “rotund” kai tsaye. Saboda haka duk wanda ya kira ka da ita, yana nufin in aka tura ka daga saman Dala, ba mai tare ka sai Kurmi.

Amma wadda na fi so maka ita ce “chubby”. Akwai wani kifi a kogunan Turai da Ingilishi ke kira “chub”, gajere mai kauri, ga ƙaton kai ga faɗin baki. Ba ya zaɓen abinci. Tsutsa, ƙwaro, 'ya'yan itacen da suka faɗo ruwa, duk hanya ɗaya suke bi. Masu fatsa ba sa wahala a kansa: su dunƙula burodi ko cuku a ƙugiya, su jefa, shi da kansa zai kawo kansa. Yanzu don Allah, in aka rataya gurasa bandashe a ƙugiya, ta sha ƙuli da mai da albasa, aka zura ta cikin Kwari, wa za a fara jawowa? Turawa dai kumatun jarirai suke yaba wa da wannan kalma, kai ga furfura har a gemu.

Kada ka gudu wajen “plump”. Daga bakin mutanen Holan da arewacin Jamus ta zo, kuma farkon shigarta Turanci dakusasshe take nufi.

Saura ta likita, “obese”. Ita ba ta san kara ba. Tushenta “edere” na Latin, wato ci: wanda ya ci, ya ci, har jiki ya ba da shaida. In an auna nauyi da tsawo lissafi ya kai 30, sunanka ke nan, ko babbar rigarka ta ci yadi nawa. Na san za ka ce ai Kano tumbin giwa ce. Garin aka yi wa kirari, Alhaji, ba a ce kowane mutum ya ɗauki nasa ba.

Cika-ciki na tafe, ko da yake a gidanka kowane dare cika-ciki ne. Ka zo ka share mini ƙofar gida ka karɓi kuɗin shararka. Zan sa a nemo tsintsiya mai doguwar sanda, don na san sunkuyo ya fi ƙarfinka.