Mai Wankin Tagar Landan Yana Gaida Mai Yara

Zuwa ga Taubashi, a Mai Yara, ƙasar Dakoro.

Taubashinka na Landan, wanda ka san shi ne ubangidanka ko ka ƙi ko ka so, yana gaishe ka. A durƙusa a gaida masa Kawu da Inna. Labari ya iso masa cewa kana zaga majalisa kana cewa ya zama injiniyan ruwa a Ingila. Allah ya saka, amma ka rage gishiri. Wankin taga yake yi.

Kada ka yi dariya tukuna. A nan gilashin taga abin mutunci ne, akwai masu gida da ke biya a wanke musu wata-wata. Taubashinka yana bin wani dattijon Bature mai mota ƙirar Ford Transit, a bayanta an ɗaure tankin roba mai cin lita 500, wato jarka ashirin irin mai lita 25. Ba sa ɗaukar bokiti, tsani kuma sai ta kama. Tun da aka kafa dokar aiki a wuri mai bisa a 2005, wadda ta ce duk aikin da za a iya yi daga ƙasa kada a hau sama dominsa, masu wannan sana'a da yawa suka jingine tsani suka koma doguwar sanda mai burushi a kai, siririn tiyo na kai mata ruwa. Mutum yana tsaye a ƙasa yana wanke bene hawa na uku, wuya a tanƙware, sai ka ce makiyayi yana kaɗo wa awaki ƴaƴan gawo.

Ruwan da ke cikin tankin nan shi ne abin da zai sa Inna ta riƙe baki. Ƙasar kudancin Ingila alli ce, ruwan Landan kuma yana ɗauke da shi. Ka watsa shi a gilashi ya bushe, sai fararen ɗigo-ɗigo su fito, mai gida ya hana ka kuɗinka. Don haka sai an tace ruwan famfo, wanda kowa ke sha lafiya lau, ta wata matata da ake matsa ruwa ya ratsa, sannan a bi da shi ta cikin wasu ƙananan ƙwayoyi masu tsotse ragowar gishirin. Akwai ɗan ma'auni da ake tsomawa. Ruwan famfon Landan yakan haura 250 a ma'aunin, mai motar kuwa ba ya barin gida sai ya ga sifili ko kusa da shi. Irin wannan ruwa yana bushewa bai bar tabo ba, ko tsumma ba a sawa. Wajen tacewar nan, kusan rabin ruwan ko fiye yana bin magudana ya tafi. Mutumin da ya tashi yana kora sa da igiyar guga a bakin rijiya, ranar farko da ya ga haka sai da ya nemi wuri ya zauna. Abokan sana'a na Birmingham sun fi samun sauƙi, don ruwansu daga tsaunukan Wales yake zuwa tun 1904, ba shi da alli sosai.

A bazarar 2022, da zafi ya haura digiri 40 karon farko a tarihin ƙasar, kamfanin Thames Water ya hana ba ciyawar ƙofar gida ruwa da tiyo, jaridu suka cika da maganar fari. Taubashinka bai ce musu komai ba. Baƙo ne.

To duk wannan ruwa mai tsada, ta ƴar ƙofa ɗaya yake fita, a gindin tanki, kuma a kan wannan ƙofa ake yin rigimar da ta fi kowace. Kwanan baya mai motar ya sayi sabon tanki, ya aiki taubashinka shagon kayan famfo ya sayo abin da za a murɗa a bakin. Da mai tsawwala awo ne, da ya ɗauki ma'auni ya ga faɗin haƙoran ya kusa inci guda, ya je ya ce a ba shi na inci guda, ya dawo da abin da ba zai shiga ba. Dalili kuwa, lambar da Turawan nan ke kira ta cikin bututun ƙarfe ce na zamanin kakanninsu, ba ta haƙoran ba. Wanda suke ce wa rabin inci, faɗin haƙoransa milimita 21 ne. Mai kashi uku cikin huɗu na inci ya ɗan haura 26. Mai inci guda kuwa 33 ne da ɗoriya. Abin da ya ceci ɗan Mai Yara shi ne ya taɓa riƙe wa mai gyaran famfo sifana a Maradi, inda ake kiran kayan nan da lambobin Faransa: 15/21, 20/27, 26/34. Kaya ɗaya ne, haƙori ɗaya. Lamba ta biyu ita ce ta kusa da abin da ido ke gani, don haka a wannan karon Faransawa sun fi faɗin gaskiya, abin da ba kullum ake samu ba.

Asalin haƙoran daga wani injiniyan Manchester ne, Joseph Whitworth, wanda a 1841 ya ga kowace maƙera tana yanka nata yadda ta ga dama, ya kawo tsari guda mai kusurwa digiri 55. Turai ta karɓa, Faransa ta kai mana. Amurkawa kuwa, da yake ba sa bin liman sai nasu, suka ɗauki na William Sellers na 1864 mai digiri 60. Mugun abin shi ne a rabin inci duka biyun haƙora 14 ne a kowane inci. Ka murɗa na Amurka a na Ingila, zai shiga ya yi maka ladabi zagaye biyu ko uku, daga nan ya cije, ya riƙa ɗiga har Mahadi ya bayyana. Wasu injinan tura ruwa daga Amurka ake kawo su da haƙoran can, shi ya sa mai motar ba ya jefar da ƴan mahaɗan da suka zo cikin kwalin inji.

Bayan girma sai siffa. Akwai haƙori miƙaƙƙe, wanda faɗinsa ɗaya daga baki har gindi. Wannan zoben roba ne ke tsare masa ruwa. Akwai mai tsukewa, wanda yake ƙara kauri yana shiga. Shi ake naɗa wa farin tef ɗin Teflon, ta hannun da za a murɗa, don kada ya warware. Wani maƙwabcin sana'a, ƙato mai ji da ƙarfi, ya samu na tagulla mai tsukewa ya ɗora masa sifana a bakin tankin roba, ya ce sai ya ga ƙarshensa. Ya gani. Bakin ya tsage da dare, gari ya waye ruwan da aka kwana ana tacewa yana malala daga ƙofar baya, ya wanke titi tas, ba tabo ko ɗaya. Dokar mai motar tun daga ranar: a murɗa da hannu har ya tsaya, a ƙara ɗan kaɗan da sifana, a cire hannu a yi salati.

Abin da ke biye da bakin yana da jeri, kuma jerin ba ado ba ne. Da farko gwiwa, don kada kan ya yi tsini kaya su buge shi. Sai makulli mai hannu, a manne da tankin, don ranar da tiyo ya fashe a iya rufe ruwa. Sai ƴar rariya da ke tare ɓarɓashin roba, wanda sabon tanki ba ya rasawa, kafin ya shiga injin da batirin volt 12 ke juyawa. Tiyon da ke tsakanin tanki da inji ya zama mai kauri, rabin inci, mai ƙarfin jiki, domin inji tsotsa yake yi, tiyo mai laushi sai ya manne. Siririn nan mai milimita 6 ko 8 aikinsa daga inji zuwa sanda ne. In mahaɗi ɗaya ya yi sako-sako a ɓangaren tsotsa, ba lallai ka ga ɗigo ba; iska ce za ta shiga, burushi ya riƙa tofar da yawu a tagar mutane. Murfin sama ma dole ya sami hudar shan iska, in ba haka ba ruwa ya ƙi fita, tanki ya fara lotsawa.

Shi dai taubashinka ya tsaya a kan roba. Ruwan da aka raba da gishirinsa mayunwaci ne, yana lasar tagulla a hankali, roba kuwa ba ruwanta. Aibinta sanyi. A watan Janairu ruwa kan daskare cikin makulli ya kumbura ya fasa shi, don haka mota tana kwana da abin ɗumama ɗaki, mai wankin tagar kuma yana kwana da bargo biyu yana lissafin kuɗin wuta.

Lita ɗaya kilo ɗaya ce, kenan rabin tan ne ke zaune a bayan direba. Shi ya sa tankin yake da shingaye a ciki masu karya gudun ruwa in an taka birki, kuma da ƙarfe aka ɗaure shi a jikin mota. Igiyar kaba ba ta da aiki a nan, sai ka haƙura.

Yanzu maganar saƙonka na WhatsApp, cewa a aiko maka da famfon Turai ka sa wa tankin da kake ɗora wa amalanke. Ba ka faɗi girma ba, ba ka faɗi haƙori ba, ka ce dai mai kyau. Je wurin tela ka ari abin awonsa. In bakin tankin mai haƙora a waje ne, zagaya shi: santimita shida da rabi 15/21 ne, takwas da ɗoriya 20/27 ne, goma da rabi 26/34. In kuwa irin babban farin tankin nan ne mai lita 1000 da ke cikin kejin ƙarfe, bakinsa yakan zama santimita shida a faɗi da manyan haƙora, kuma famfon gida ba zai hau shi ba sai da mahaɗi na musamman. Duk wanda ya kasance, ka kai lambar Maradi wurin masu kayan famfo. Abin da za a ba ka can shi ne wanda ke nan, kuɗin aikowa kuwa ya isa ya saya maka guda da yawa har da Teflon. Kada ka ba ƙaninka sifana, an san hannunsa.

Kuɗin famfon ka cire daga kuɗin sharar da ubangidanka yake bin ka tun kafin ya bar gida. Ragowar ka ba Inna ta sayi goro, kuma za a tambaye ta.

Wassalam. Taubashinka, Landan.