Ɓarawon da Ya Yi wa Alhaji Ragi

Kamfaninmu na mutum huɗu ne: Yaya mai dukiyar, akanta, yaron da ke zirga-zirga tsakanin Kantin Kwari da tasha, sai ni. Atamfa da shadda da leshi muke sara mu tura wa 'yan kasuwar Maraɗi da Damagaram. Duk tsaron da muka sani a ofishinmu na Zoo Road bai wuce kwaɗo biyu da wani dattijon maigadi mai gora ba. Da gwamnatin Ganduje ta sanar za ta rufe Kano daga daren Alhamis 16 ga Afrilun 2020 saboda korona, Yaya ya ce kowa ya koma gida da aikinsa, ya kuma naɗa ni shugaban sashen kwamfuta. Hujjarsa ita ce na taɓa koyon buga takarda a wani shago a Gyaɗi-Gyaɗi.

A adaidaita sahu na ɗauko sashen nawa kaf zuwa Darmanawa: kwamfutar cinya guda, na'urar intanet mai kama da gwangwanin kifi, da filas ɗin da ke ɗauke da sunan duk wanda muke bi bashi. Na kafa ofis a falo, tsakanin firji da keken ɗinkin uwargida. Kalmar sirrin kwamfutar na rubuta ta a takarda na liƙa a jikin murfin don kada a manta. Ba ta da wuyar mantawa ma: 123456 ce, ita ce kuma ta imel, ita ce ta Facebook ɗin kamfani. Daga baya na ji cewa duk shekara tana sahun gaba a kalmomin sirrin da aka fi amfani da su a duniya, na ji daɗi da ra'ayina ya zo ɗaya da na jama'a.

Maƙwabci ne ya fara kwankwasa ƙofa, ya ce ɗansa na da darasi a waya, ko zan ɗan sammasa intanet? Wa zai hana maƙwabci, ga azumi ya kawo kai? Kafin a ga wata, gindin katangata ya zama majalisa. Samari sun shimfiɗa tabarma, kowa ya duƙar da kai yana latsa waya, in na fito su gaishe ni da ladabin da ban taɓa gani ba. Na ce wa uwargida tarbiyya ta dawo unguwa. Datar wata guda ta ƙare kafin sati ya zagayo, na ɗora laifin a kan yawan aiki.

A cikin gida kuma autana ya gano cewa kwamfutar ofis ta fi wayar uwarsa faɗin fuska. Kullum in na tashi daga barcin rana sai in tarar da sabbin baƙi a allo: wasan tseren mota, wasan kifi, da wata mata da ke fitowa daga kusurwa tana taya ni murnar cin kyautar mota a ƙasar da ban taɓa zuwa ba. Kwamfutar kanta tana ta roƙon a sabunta ta, ni kuma ina danna "sai an jima" saboda tsimin data. Windows 7 ce a kai, wadda Microsoft ya daina yi wa facin tsaro tun 14 ga Janairun shekarar, wato ko na amsa roƙon nata ba wani abin kirki za ta samo ba.

Taronmu na farko a Zoom, rabin lokacin kallon fankar ɗakin Yaya muka yi, shi kuma yana ta tambaya, "Kuna jina?" Akanta ya fara karanto sunayen masu bashi da ƙarfi, ni kuma tagata a buɗe, majalisa a ƙarƙashinta. Washegari mai kayan miyan layinmu ya jajanta mini a kan wani Alhaji da ya riƙe mana kuɗin leshi.

Ana cikin haka Shugaba Buhari ya ƙara wa Kano mako biyu na kulle a jawabinsa na 27 ga Afrilu, zancen tallafi ya cika gari. Wata rana da la'asar sakaliya, lokacin da mai azumi ba ya bambanta gabas da yamma, waya ta yi ƙara.

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ya ibada? Ya iyali? Ya muka ji da wannan annoba?"

Gaisuwa cikakkiya, har ya tambayi lafiyar Hajiya. Ya ce daga kwamitin tallafa wa ƙananan 'yan kasuwa yake, sunan kamfaninmu ya fito, za a sa ni a zauren WhatsApp na waɗanda suka dace. Yanzu zan ga lambobi shida sun shigo wayata, in karanto masa don tantancewa. Lambobin suka shigo, a ƙasansu an rubuta wani gargaɗi da Turanci cewa kada a ba kowa. Na duba, na ga mutumin da ya tambayi lafiyar mahaifiyata ai ya wuce "kowa". Na karanto masa dalla-dalla, har na maimaita don kada ya sha wahala. Ya yi mini addu'a, na ce amin.

Ana kiran sallar magariba WhatsApp ɗina ya sallame ni, ya ce lambata ta koma wata wayar.

Abin da ya faru a daren na ji shi ne a bakin waɗanda abin ya shafa. Mutumin ya shiga zaurukan da nake ciki, ya kwashi lambobi, ya bi abokan cinikinmu ɗaya bayan ɗaya da hotona sanye da hular sallah, yana cewa asusun kamfani ya samu matsala, a tura kuɗi ta sabon asusu. 'Yan uwa kuma ya ce musu ina asibiti, a agaza da abin da ya sawwaƙa. Kawuna ya ba shi amsa nan take: Allah ya sawwaƙe, amma in tuna dubu ashirin ɗinsa na bikin ƙanwata tukuna. An ce ɓarawon bai sake tanka masa ba.

Babban kamunsa shi ne wani Alhajin Maraɗi da ke shirin biyan kuɗin dila biyu na shadda. Alhaji ɗan kasuwa ne na gado, ko kabari za a sayar masa sai ya taya. Ya rubuta, "A yi mini ragi." Ɓarawo ya ce an yi. Alhaji ya ƙara zaftarewa, ɓarawo ya ce Allah ya sa albarka. Alhaji ya taya rabin kuɗi, ɓarawo ya ce ya sallama, a dai tura yanzu. Nan Alhaji ya ajiye rubutu ya kira Yaya.

"Alhaji, ko dai ƙaninka ya samu taɓuwa, ko kuma ba shi ba ne. Shekara da shekaru ina ciniki da ku, ko sisi ba ku taɓa rage mini ba sai an yi rantsuwa."

Rowar gidanmu ce ta cece mu. Yaya ya kira ni, ya yi bayani mai tsawo a kan asalina da hankalina, da yake an sha ruwa kuwa da ƙarfinsa.

Kasuwar waya ta Farm Centre na nan kusa da mu a Tarauni, amma a rufe take. Sai uwargida ta ce, "Malam, ai yaron nan mai jar hula da ke kwana a gindin katangarka gyaran waya yake yi a can." Na leƙa na kira shi. Bai tambayi kalmar sirrin intanet ɗina ba, ya fi ni saninta.

Ya sake shigar da lambata a WhatsApp, sabbin lambobi shida suka zo, aka kori ɓarawo daga ciki. Sai dai kafin ya fita ya riga ya sa nasa makullin na mataki na biyu, wanda ni ban taɓa sawa ba, don haka dole na jira kwana bakwai kafin a buɗe mini. A kwanakin nan na kira kowa da baki ina shaida masa cewa lafiyata ƙalau, wasu har da alamar ba su so jin haka ba.

Yaron ya zauna ya yi mini karatu. Ya sa wa WhatsApp da imel tantancewa mai mataki biyu, ya ba kowane asusu kalmar sirrinsa daban, doguwa. Ya shiga cikin na'urar intanet ya tarar mabuɗinta na nan yadda ya fito daga masana'anta, ya canza, ya nuna mini jerin wayoyin da ke shan datata. Jerin ya fi sahun sallar asubar masallacinmu tsawo. Ya ce kwamfutar aiki ta aiki ce, auta ya koma wayar uwarsa. Ya tambayi ina kwafin littafin bashi, na ce yana filas. Ina filas? Uwargida ta ɗauko shi daga kan igiyar shanya, ya sha wanki a aljihun rigata. Allah ya taimaka akanta na da kwafi, muka ajiye wani a intanet, wani a gidan Yaya.

"Kawu," in ji shi, "banki ba ya kira ya tambayi lambar katinka, ko BVN, ko lambobin da aka turo maka. Duk wanda ya nema, ko da wa'azi ya fara, kashe wayar."

Na biya shi, na kuma kore shi daga gindin katanga, cikin mutunci.

Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci ga irin mutumin nan, in an kama shi. Ta kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 kuwa a kanmu ta faɗo: lambobi da adireshin abokan ciniki amana ce a hannun mai kasuwa, ko a ofis yake ko kusa da firji. Mu dai tun kafin ta zo muka kafa tamu dokar: duk saƙon da ya ce a canza asusu ko a tura kuɗi da gaggawa, sai an kira mai shi a lambar da aka sani an ji muryarsa.

Bayan sallah Yaya ya buɗe sabon asusu da gaske, ya turo mini saƙo in sanar da mutane. Na ƙi. Ya kira, na ce murya ma ana kwaikwayonta, sai ya amsa tambayar da shi kaɗai ya san amsarta: wa ya sayar da akuyar Hajiya muna yara aka ɗora wa kura? Ya yi shiru, sannan ya fara zagina tun daga yarinta. Na tabbatar shi ne, na tura sanarwar.