Wai ba a ɗaure babba a Najeriya?

To, 'yan majalisar bakin titi, ku gyara zama, yau da ku nake. Kullum waƙarku ɗaya ce: doka a ƙasar nan ta ɓarawon akuya ce, wanda ya haɗiye biliyan ko ƙofar kotu ba ya gani. Da an ce EFCC ta damƙe wani sai ku taɓe baki ku ce, "Bar su, wasan kwaikwayo ne, jibi za ka ji ya tafi Umara." Na ji. Amma Alhaji, kai da muryarka ta fi ta kowa, ina ka shiga a 2018?

A ƙarshen watan Mayun shekarar, Mai Shari'a Adebukola Banjoko ta babbar kotun Abuja ta yanke wa Jolly Nyame, tsohon gwamnan Taraba, ɗaurin shekara 14 kan dukiyar jiharsa. Malamin coci ne fa, da kwalarsa da komai. Bayan mako biyu ta auna wa Joshua Dariye na Filato da mudu ɗaya, shi ma 14, saboda kuɗin gyaran muhalli sama da naira biliyan ɗaya. Dariye kuwa sanata ne mai ci a lokacin, ɗan jam'iyya mai mulki. Aka kwashe su sai gidan yarin Kuje. Kotun ɗaukaka ƙara ta sassauta, Nyame ya koma 12, Dariye 10, Kotun Ƙoli kuma ta ce su ci gaba da zama. Namu na nan gida, Farouk Lawan, da ya karɓi dala 500,000 alhali yana shugabantar binciken tallafin mai, hukuncin shekara biyar aka yanke masa, sai da ya kammala wa'adinsa kafin ya fito a 2024.

Na hango murmushin nan naka. Za ka ce, "To Malam marubuci, yanzu gwamnonin biyu suna ina?" Suna gida suna shan iska. A watan Afrilun 2022 Majalisar Magabata ta Ƙasa, ƙarƙashin Shugaba Buhari, ta sa su cikin mutum 159 da aka yi wa afuwa, wai don tsufa da rashin lafiya. Sashe na 175 na kundin tsarin mulki ya ba shugaban ƙasa wannan iko. Jonathan ma ya yi wa tsohon ubangidansa Alamieyeseigha na Bayelsa irinta a 2013. Wannan kam ka ci, karɓi tafi.

Sai dai ka lura ka sauya waƙa ba tare da ka sanar ba. Ɗazu ka ce ba a ɗaure su, yanzu ka koma ana sakin su. Masu laifin daban ne. Alƙaliya ta yi nata, masu gabatar da ƙara sun yi shekara 11 suna jele tun 2007, ɗan siyasa ya ɗauki alƙalami ya shafe a zama ɗaya. Me ya sa ma sai a 2007 aka fara? Saboda sashe na 308 ya ce ba a gurfanar da shugaban ƙasa da gwamna da mataimakansu muddin suna kan kujera. Sai mutum ya ci ya ƙoshi, ya wanke hannu, ya tanadi lauyoyi, sannan doka ta yi sallama.

Saura naka laifin, kada ka miƙe tukuna. A 2009 wata kotu a Asaba ta wanke James Ibori na Delta daga tuhuma 170, a 2012 kotun Landan ta ɗaure shi shekara 13. Da ya dawo a 2017, garinsu Oghara ya cika ya batse da masu kiɗa da rawa. Kar ka ce min ai mutanen kudu ne. Ranar da aka taɓa gwaninka, wa ya fara cewa bi-ta-da-ƙulli ne? Wa ya ce ai kowa ma yana ci, shi dai tsautsayi ne ya faɗa masa? Ɓarawon jam'iyyar wasu a rataye shi, na taka kuma a yi masa addu'a. Mai afuwa ya san halinka sarai, shi ya sa hannunsa ba ya rawa in zai sa hannu.

'Yan majalisar dokoki ne ke da ikon gyara sassan nan biyu. Don haka in mai neman kujerar ya zo ƙofar gidanka, tambaye shi matsayinsa kan 308 da 175. Ka yi tambayar kafin yaransa su fara sauke kaya daga mota, don na san ka, da ka ga kwalin taliya bakinka zai mutu.